Kafin ka zaɓi yaren auna aikin tsarin kamfani

Duk wanda aka ɗora wa alhakin kula da taswirar manhajoji da ayyukan babban kamfani, wata rana shugabanni za su tambaye shi alƙaluma: manhajoji nawa ne ba su da mai kula da su, nawa ne kuma ke aiki iri ɗaya? ArchiMate, wanda ƙungiyar tsara ƙa'idojin fasaha ta The Open Group ta fitar a 2009, yaren zana taswira ne, ba ya lissafi, don haka dole a nemo wani yaren da zai ƙirga abin da aka zana.

Ni dai OCL (Object Constraint Language, yaren rubuta sharuɗɗa da tambayoyi a kan irin wannan taswira) na fi amincewa da shi. A IBM aka ƙirƙiro shi a 1995, ya shiga cikin UML, yaren zana tsarin manhaja, a 1997, kuma ƙungiyar OMG (Object Management Group) ce ke riƙe da ƙa'idarsa. Karantawa kawai yake yi, ba ya taɓa bayanan da yake aunawa, sannan kowane abu a cikinsa yana da nau'in da aka sani tun kafin a fara lissafi. Wannan ne ya ja ni, domin na taɓa shan kunya a kai. A wani wuri da na yi aiki, an sauya sunan gurbin da ake rubuta mai kula da manhaja, lissafinmu da aka rubuta da yaren JavaScript bai ce uffan ba, sai ya ci gaba da fitar da sifili, ni kuwa na kai wa shugabanni rahoton cewa komai lafiya. Da OCL ne, tun a wajen tantancewa zai ƙi wucewa. Aibinsa shi ne bai san tarihi ba, kwatanta bana da bara sai an yi masa dabara, kuma manajoji kan yi tsaki idan suka ga rubutunsa.

DAX, yaren lissafi na Microsoft, gwani ne a kan teburan bayanai, amma bin diddigin wace manhaja ta dogara da wace yana wahalar da shi. SQL, yaren tambayar rumbun bayanai, kowa ya iya, sai dai rubutunsa kan yi tsawo.

Inda ya kamata ka buɗe ido shi ne wajen dillalan manhajojin auna taswira. Wasunsu lissafin Excel suke sauya wa riga su kira shi sabon yare. Kada ka yarda da gwajin da suka shirya da bayanansu. Ba su taswirarka, ka sauya sunan gurbi ɗaya a gabansu, ka ga ko manhajar za ta yi ƙorafi. Ka nemi takardar nahawun yaren, sannan a rubuta a yarjejeniya cewa ranar rabuwa za ka fita da lissafe-lissafenka a rubutun da wata manhajar za ta iya karantawa.