Zanen hoto irin na da, da kala ɗaya: fenti da takardar da ya kamata ka saya

Masu tambayata wane fenti na sa a zanen Hajiya kakata, wanda ya fito kamar hotunan da James Barnor, mai ɗaukar hoto ɗan Ghana, ya riƙa ɗauka a situdiyonsa Ever Young na unguwar Jamestown a Accra daga 1953, to fentin ruwa ne mai suna sepia. Kala ɗaya tak, sauran aikin ruwa ke yi.

Ni dai sepia ta gama da ni wallahi. Asalinta tawadar wata halittar teku ce, yanzu kam haɗin baƙi da ruwan ƙasa ake yi, ka zuba mata ruwa sosai ta koma kamar shayi da madara don kumatu da goshi, ka rage ruwan ta yi duhu don ƙwayar ido da inuwar mayafi. Fentin Cotman na kamfanin Winsor & Newton, ƙaramin tiyub mai mil 8, zai kai ka fuskoki da yawa. Sauran kalolin kuwa, Payne's grey mai ruwan toka na sa fuska ta yi shuɗi kamar mara lafiya, burnt umber mai ruwan ƙasa kuma ba ta duhu yadda ake so. Akwatin fentin 'yan makaranta alli ne kawai.

Amma ɗan'uwa, inda ake cutar mutane takarda ce. Nemi takardar Arches ta Faransa, auduga zalla, mai kaurin da ake rubuta wa giram 300, ita ce ke riƙe ruwa har ka samu ka lallaɓa gefen hanci kafin ya bushe, musamman da hunturu da komai ke bushewa nan take. Ni wani mai shago a cikin gari ya rantse min auduga ce, na kwaso na dawo unguwar Nima na kwana uku a kan fuskar Hajiya, da na shafa fenti karo na uku takardar ta kumbura ta fara saɓulewa daidai ƙasan ido. Har yau abin na min ciwo.

Don haka falle babba ka saya, ka ɗaga shi a haske, sunan kamfanin na cikin jikin takardar kusa da gefe. In an yayyanka an sa a leda babu suna, ajiye musu. Tiyub ma duba rubutunsa, in ya dushe ko ka matsa ruwa-ruwa ya fara fitowa da wari, bar shi. Wanda ya ce maka "duk ɗaya ne, alaji", ce ya yanko maka ƙyalle ka ɗiga ruwa a gabansa kafin ka fidda sidi ko ɗaya.