Wasiƙa daga Ingila: batun kujerar wankan Inna

Yaya, barka da war haka. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce in dubo mata kujerar wanka in aiko, to ga bayani, tunda kula da tsofaffi shi ne aikina a nan.

Kayan kam ga su nan birjik, sai dai akasarinsu ba za su yi mana rana a Bauchi ba. Gidaje da yawa a nan baho gare su, irin dogon nan da ake kwanciya ciki, shi ya sa kaya da dama dominsa aka ƙera su. Akwai allon da ake gittawa a bakin bahon a zauna, akwai kujera mai juyawa, har da mai batir wadda take sauke mutum cikin ruwa ta ɗago shi, kuɗinta ya haura fam 200. Banɗakin Inna kuwa daɓen siminti ne da bokiti da moɗa. Wadda ta dace da ita ita ce mai tsayawa da ƙafafunta huɗu, mai majingina da wurin dafa hannu, ta alminiyam don kada ta yi tsatsa. Ana ƙara wa ƙafafun tsawo ko a rage, kowace tana da takalmin roba, mazaunin kuma da huji-huji don ruwa ya tsiyaye. Ita kusan fam 30 zuwa 60 ce.

Abin da ya fi burge ni ba kujerar ba ce, awon da ake yi kafin a bayar da ita ne. Ƙaramar hukuma ke turo jami'ar lafiya har gida, ta ga yadda tsoho yake zama da tashi, ta auna shi, ta auna banɗakin, sannan ta zaɓa. Aro ake ba shi, ba ya biyan ko sisi, kuma a dokarsu ta 2014 ƙananan gyare-gyaren da ba su wuce fam 1,000 ba, kamar kafa ƙarfen dafawa a bango, kyauta ne. Amma fa kada ka ɗauka aljanna ce. Jiran jami'ar kan ɗauki makonni, wani wurin watanni, har iyalai su gaji su saya da kuɗinsu. Sauƙin dai ana yafe wa mai lalura harajin kashi 20 cikin 100 da ake ɗora wa kaya. Kuma tsohuwa a nan, da kujerarta da komai, sai ta jira irina mai zuwan rabin awa, abin da Inna ba ta sani ba da surukai da jikoki a gida.

To awon nan ku ma za ku iya. A zaunar da ita, tafin ƙafa a ƙasa, a auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwa, tsawon kujerar ke nan, yawanci santimita 40 zuwa 50. In ta yi ƙasa tashi zai gagare ta, shi ya sa nake roƙo a raba ta da 'yar kujerar tsugunon nan. In ta yi sama kuma ƙafa za ta yi lilo ta zame. A auna faɗin ƙugu, a san nauyinta, don kowace kujera da iyakar kilon da take ɗauka a rubuce. Farar kujerar roba ta biki kada a kuskura, ƙafafunta kan baje a jiƙaƙƙen daɓe. Tunda ɓarin hagu ne ya shanye, ƙarfen dafawa ya kasance ta damanta, a kafa shi da kusoshi a bangon bulo. Wannan mai walda na unguwa zai yi shi tsaf, a shafa masa fenti. Ranar da za ku kai ta gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa, ka nuna wa mai gashin hoton banɗakin ya ba ka shawarar inda za a kafa.

Sai ruwan zafi, ga hunturu na tafe. A wurin aikinmu ruwan baho ba ya wuce digiri 44, kuma sai an gwada. Gefen da ya shanye ba lallai ya ji ƙuna ba, don haka mai yi mata wanka ta fara taɓawa da gwiwar hannu.

Ka turo min awon ta WhatsApp. Kujerar ana kwance ta, ba ta kai kilo 5 ba, za ta shiga jakar wata abokiyar aikina 'yar Gombe da za ta zo gida hutu. A gaida Inna da kyau, da su Anti da yara.