Hattara da mai tallan akwatin haɗa kwamfuta da talabijin, sefa 45,000 ya ci mini

Jama'ar Garwa, musamman masu shagon kwamfuta da gidajen kallo, ku karanta wannan kafin wani ya faɗa ramin da na faɗa. Sefa 45,000 ne suka tafi. Tun shekaranjiya ban yi barcin kirki ba, juyawa nake ina sake sauraron saƙon muryarsa.

Ina koyar da yara kwamfuta a wani ɗan ɗaki a Yelwa. Monita ɗina, wato allon kwamfuta, ƙarami ne, girman hotonsa 1366 a 768, talabijin ɗin bango kuwa 1920 a 1080. Buƙatata ɗaya: abin da nake yi a gabana yara su gan shi a bango. To duk sanda na haɗa su, rubutu kan fito dishi-dishi a talabijin, na layin baya ba sa iya karantawa. Ana haka na ga tallansa a Facebook, wai yana da ɗan akwatin da ke ba kowane allo girman hotonsa, har 4K, wato hoton da ya fi na talabijin ɗina kaifi.

Kada wani ya ce na yi sake. Na tambaya. Na ce ya turo bidiyo, ya turo, allo biyu ga hoto tas a kowanne. Na faɗa masa girman allona da na talabijin har sau biyu. Sai ga saƙon murya da Hausa tsantsa: "Malam, ni ɗan Garwa ne, kasuwanci ya kai ni Duwala. Tsakanina da kai amana ce, yaran Musulmi kake koyarwa, ina zan kai haƙƙinsu?" Wallahi wannan maganar ce ta kashe mini jiki. Har kwatancen unguwar Rumde Ajiya ya yi mini, da inda ya ce gidansu yake. Wa zai ji haka ya kawo damfara a ransa? "Ina zan kai haƙƙinsu." Har yanzu tana yi mini yawo a kunne.

Na tura 35,000 ta waya, da 3,000 kuɗin mota. A'a, sai da muka yi ciniki tukuna, 40,000 ya fara cewa, ya rage mini biyar wai don darajar yara. Dubu bakwai ɗin daga baya ne, kuma su suka fi ci mini rai.

Kaya suka iso tasha bayan kwana biyar. Ɗan baƙin akwati ne da bai kai tafin hannu ba, ramin HDMI, inda ake jona wayar hoto, ɗaya na shiga, biyu na fita, an manna masa takardar 4K a karkace. Na jona a gaban yara, talabijin ya koma dishi-dishinsa. Na ɗaga girman hoton zuwa 1080, monita ya yi baƙi ƙirin. Na kira shi, ko gezau, ya ce ai wata 'yar mahaɗa ce ya manta bai sa ba, in ƙara 7,000. Na ƙara! Mutum ya riga ya zuba 38,000, yaya zai bar su saboda bakwai? Mahaɗar ba ta zo ba, washegari ya toshe ni.

Wani ƙanena mai gyara a babbar kasuwa ne ya duba ya ce, "Yaya, wannan ai marabar hoto ce kawai." Aikinta ta ɗauki hoto ɗaya ta kwafa shi gida biyu, ba ta ƙara girma ba ta ragewa. Ya ce in dai kwafa ake yi, ko da akwati ko babu, hoto ɗaya kwamfuta ke fitarwa, dole allunan biyu su haɗu a girman da kowanne ke iya ɗauka, shi ya sa babban ke bin ƙaramin. Ya cire akwatin, ya jona kowane allo da kwamfuta kai tsaye, ya danna maɓallin Windows da P, ya zaɓi na faɗaɗa allo maimakon na kwafa, nan take talabijin ya dawo 1080 ɗinsa, monita na kan nasa, sai dai in ja abin da zan nuna zuwa can. Kyauta. Na'urar da ke sauya girman hoto da gaske akwai ta, amma ba ita aka aiko mini ba. Da muka sake kallon bidiyon, ashe allunan biyu iri ɗaya ne, girma ɗaya. Ya san abin da yake yi tun farko. Allah ya isa tsakanina da shi.

Kada ku tura kuɗi sai kun gwada a kan naku allon. Hotunan hirarmu, shaidar turawa ta 35,000, ta 3,000 da ta 7,000, da saƙon muryar, duk suna hannuna, da na tashi yara da yamma zan ɗora su.