Wane faifai za ka fara saya in kana son gwada golf na faifai a Legas?

Wani abokina da ya dawo daga karatu a Finlan, inda wasan nan ya karɓu sosai, shi ya zo mana Agege da faifai uku a jaka. Ranar wata Lahadi muka samu filin ƙwallo ba kowa, muka yi ta jifa har aka kira magariba. Tun daga nan samarin unguwa ke tsare ni da tambayar wanne za su saya.

Wasan kamar golf yake, sai dai ba sanda ba ƙwallo. Faifan roba kake jefawa, inda ya faɗi nan za ka tsaya ka sake jifa, har ya shiga wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi. Mai ƙarancin jifa shi ya ci. Wani Ba'amurke, Ed Headrick, shi ya ƙirƙiro kwandon, shi ne kuma ya tsara filin farko a Kalifoniya a 1975.

Faifan akwai na kusa, na tsaka-tsaki, da na nesa. Na nesan, wanda suke kira direba, shi ke jan idon kowa: bakinsa siriri, sunansa da ban tsoro. Ni ma shi na fara aikawa a sayo mini, Destroyer na kamfanin Innova. Jifa na farko ya tashi kamar abin kirki, sai ya kwanta hagu ya faɗa kwata. Na biyu ma haka. Ashe sai hannu mai ƙarfi da ya ƙware ke iya miƙar da shi, ga ɗan koyo kuwa gardama ce kawai. Kuɗina sun tafi a banza, ga dala yadda take.

Yawancin faya-fayan a jikinsu akwai lambobi huɗu: gudu, shawagi, karkata dama a farko, da juyowa hagu a ƙarshe ga mai jifa da bayan hannun dama. Destroyer gudunsa 12 ne. Kai ka nemi wanda gudunsa bai wuce 6 ba, lambarsa ta ƙarshe kuma 1 ko sifili. Buzzz na kamfanin Discraft, faifan tsaka-tsaki, lambobinsa 5, 4, -1, 1 ne, yana tafiya sak inda ka nufe shi, in ka yi kuskure kuma ka ga kuskurenka a fili. In faifai ɗaya kuɗinka zai kai, shi nake ba da shawara. In da hali, Innova na da ƙunshin 'yan koyo mai guda uku, Aviar da Shark da Leopard, ya fi sauƙi a kan sayen ɗai-ɗai, amma robarsa, wadda suke kira DX, tana saurin cinyewa a ƙasa mai tsakuwa irin ta filayenmu.

Nauyi kuwa, tsakanin giram 150 da 165 ya fi wa sabon hannu daɗi. Sai dai in bakin teku kake nufi, Elegushi ko Tarkwa Bay, ɗauki mai kusan 175, don iskar can wasa take da marar nauyi.

Faifan yara na shagunan kayan wasa ba shi ba ne, ya fi faɗi, ba ya nisa.

Kwando kuma kada ka saya tukuna, ɗan'uwa. Kuɗin dakonsa daga waje kaɗai ya isa ya sa ka fasa wasan. Masu wasan farko ma bishiya da turken fitila suke auna. Mu tsohon durom muke kafawa, wanda ya buge shi ya gama. Ka zaɓi kala mai haske, ruwan lemo ko ruwan hoda, don da damina ciyawa ta haɗiye mana kore guda, har yau Malam mai gadin filin yana cewa zai duba mana.