Labarin agogon zinariya daga Janiba

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Hajiya da yara suna lafiya.

Ka tambaya ko agogo na araha a nan Janiba, ƙasar Suwizalan, tunda gidansa ne. Ina! A titin Rue du Rhône kantunan a jere suke, kowanne da mai gadi, wani agogon ma da kuɗinka a hannu sai an rubuta sunanka ka jira. Kamfanin Vacheron Constantin tun 1755 suke sana'ar ƙera agogo, Patek Philippe kuwa tun 1839. Tushen abin ya fi haka nisa: a ƙarni na 16 malamin coci Calvin ya hana ado da zinariya a garin, maƙeran zinariya suka koma ƙera agogo.

Tsofaffin, waɗanda ake wanawa da hannu, su ne abin kallo. Da kamfanin Seiko na Japan ya fito da mai batir a 1969 an ɗauka tasu ta ƙare, yau ga shi su ake rububi a gwanjo.

Gyara kam, a nan muka sha bamban. A Sabon Gari mai gyara zai sa madubi a ido, ya buɗe, ya hura, ya ɗiga mai, kafin la'asar ka ɗaura abinka. A nan sai an rubuto maka ƙiyasin kuɗi ka amince, sannan a warware injin ɗaya bayan ɗaya, a wanke, a haɗa, a yi ta gwaji. Wata da watanni, kuɗin kuma ɗaruruwan faran Suwizalan ne, amma da garanti. Ni dai a ganina namu ba su gaza a hannu ba, kayan gyara na asali ne ba su da shi.

Wani abu kuma: mu muna son a goge agogo ya yi ƙyalli, su kuwa wanda aka goge ko aka sake wa fuska darajarsa faɗuwa take, don gugar tana cin zinariyar. Saboda haka Omegan nan na marigayi Baba, don Allah kada kowa ya goge shi. A buɗe bayan kawai a duba cikin murfin. In an buga 750, zinariya ce mai karat 18; 585 kuwa karat 14. In babu, mai yiwuwa ruwan zinariya ne. Akwai lamba a jikin injin, da ita ake gane lokacin da aka ƙera shi. Ka ɗauko min hoton duka biyun ta WhatsApp, zan kai wa wani dattijo mai gyara a unguwarmu ya gani.