Bitar Faifan The World at War: Shirin Yaƙin da Bai Ɗauki Hayar Ɗan Wasa Ko Ɗaya Ba

Duk wanda ya saba kallon shirye-shiryen tarihin yaƙi da tashoshin talabijin ke fitarwa a 'yan shekarun nan ya san salonsu: a sa wa mutane kakin soja, a tura su cikin rami ana tayar da hayaƙi, mai sharhi kuma yana magana kamar abin da ake gani shi ne ainihin abin da ya faru. Faifan The World at War, wanda kamfanin Thames Television na Birtaniya ya shirya aka fara nuna shi a 1973, bai bi wannan hanya ba. Kashi 26 ne, kowanne ya kusa sa'a ɗaya, Jeremy Isaacs ya jagoranci aikin, Laurence Olivier ya karanta bayani, kuma an kashe kimanin fam 900,000, wanda kuɗi ne mai kauri ƙwarai a wancan zamani. Daga farkonsa har ƙarshensa an gina shi ne a kan hotuna na gaske, galibi waɗanda aka ɗauka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da kuma bakin waɗanda suka ga yaƙin da idonsu.

Dalilin da ya sa nake ganin wannan zaɓi daidai ne shi ne, kwaikwayon yaƙi yana da wata illa da kuɗi ba ya maganinta. Masu sha'awar kwaikwayon soja sukan yi ƙoƙari matuƙa wajen maɓalli da lamba da irin ɗinkin riga, amma galibinsu magidanta ne ƙosassu, alhali sojan da ya kwana a rami a birnin Stalingrad na Tarayyar Sobiyet saurayi ne da yunwa da sanyi da ƙwarƙwata suka rame shi. Kakinsu kuma yakan fito fes kamar yanzu aka karɓo shi daga tela. Ga matsalar kayan yaƙi: tankar Tiger ta Jamus ba ta shiga fagen daga ba sai 1942, kuma guda ɗaya tak ta farkon samfurin ke iya tafiya a yau, tana gidan tarihin tankoki na Bovington a Ingila, saboda haka masu shirya fim sukan ɗauki wata tankar su yi mata kwaskwarima. Kuskuren da ya fi waɗannan girma, a ganina, shi ne wanda ba a cika lura da shi ba. Rundunar Jamus ta kutsa Tarayyar Sobiyet a Yunin 1941 da dawakai sama da 600,000 suna jan bindigogi da kayan abinci, amma da yake hayar doki da mai kula da shi wahala ce, kuma tanka ta fi ƙayatar da ido, sai mai kallon kwaikwayo ya tashi da tunanin cewa sojan Hitler duk a mota yake. A wannan faifai kuwa dawakan suna nan cikin laka, domin haka kyamarar zamanin ta same su.

Ƙarfin shirin na gaske yana wajen masu ba da shaida. An yi hira da Albert Speer, ministan makamai na Hitler, da Karl Dönitz, shugaban rundunar ruwan Jamus, da Traudl Junge, sakatariyar da ta zauna da Hitler har kwanakinsa na ƙarshe, da Karl Wolff na SS, rundunar musamman ta jam'iyyar Nazi ta Hitler, da Anthony Eden, ministan harkokin wajen Birtaniya a lokacin yaƙin, da Paul Tibbets wanda ya tuƙa jirgin da ya jefa bam a Hiroshima, sannan da ƙananan sojoji da matan gida da waɗanda suka tsira daga sansanonin kisa. Babu ɗan wasan da zai iya kwaikwayon irin shirun da tsoho ke yi a tsakiyar zance idan ya iso wurin da ba ya son tunawa. Kashin farko ma ya buɗe ne da kufan ƙauyen Oradour-sur-Glane na Faransa, inda sojojin SS suka hallaka mutane sama da 640 a ranar 10 ga Yuni 1944, kuma ba a ƙara masa komai ba sai gine-ginen da aka bari a ƙone yadda suke.

Sai dai rashin 'yan wasa bai mayar da shirin ya zama gaskiya tsantsa ba, kuma ya kamata mai saye ya san haka. Shaida ma yana ƙarya. Speer ya zauna gaban kyamara cikin natsuwa da ladabi a matsayin mutumin da bai san zurfin kisan Yahudawa ba, amma takardun da masana suka binciko daga baya sun nuna cewa ma'aikatarsa ta amince da kayan faɗaɗa sansanin kisa na Auschwitz. Hotunan zamanin yaƙi su ma ba duka ne aka ɗauka a fagen fama ba, domin ma'aikatun farfaganda na kowane ɓangare sun shirya wasu, kuma yawancinsu ba su da sauti, don haka ƙarar bindigar da ake ji an ɗora ta ne daga baya. Haka nan ba a ambaci aikin warware saƙonnin sirrin Jamus da Birtaniya ta yi a cibiyar Bletchley Park ba, saboda sirrin bai fito fili ba sai 1974, wanda hakan ya sa bayanin yaƙin tekun Atlantika ya zo da giɓi babba. Yaƙin ƙasar Sin da Japan, wanda ya ci miliyoyin rayuka tun daga 1937, bai sami kason da ya cancanta ba.

Game da faifan kansa, akwai abin lura kafin a biya kuɗi. A 2010 an gyara hotunan, sun yi haske ƙwarai, amma an yanke sama da ƙasan hoton domin ya cika faffaɗan allon talabijin na zamani, abin da ya fusata masu kishin tarihi, kuma da gaskiyarsu, tun da an zubar da wani ɓangare na abin da mai ɗaukar hoto ya sa ransa a haɗari ya ɗauko. A 2016 an sake fitar da shi da asalin girman hotonsa na 4:3, kuma wannan fitowar ce nake ba da shawarar a nema, a duba bayan kwalin a tabbatar kafin a saya.