Dokar Hong Kong ta 1902 ko littafin taragon Legas: ga wanda za ka nema

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka tambaye ni wanne za ka nema, dokar Hong Kong ta 1902 kan tarago (jirgin ƙasan cikin gari) ko littafin taragon Legas. Ɗauki dokar Hong Kong kawai, tunda furojet ɗin naka kan lasisin jirgin ƙasan cikin gari ne a zamanin Turawa. Duka biyun suna hannuna.

Kwafin dokar na buga shi ne a wani shago lokacin da nake irin wannan aiki, har yau yana nan, gefensa duk ya yi baƙi don yawan juyawa. Daren da na fara karanta shi ba wuta, da fitilar waya na yi ta bi ina ja masa layi da jan biro har aka kira assalatu. Abin da na yi wata biyu ina nema ashe yana wuri ɗaya. Gwamnatin mulkin mallaka ta Ingila ta ba kamfani mai zaman kansa izinin shimfiɗa layi a kan titin jama'a, amma ba ta sakar masa mara ba: kuɗin shiga ba ya canzawa sai da yardarta, kuma ta ajiye wa kanta damar saye layin gaba ɗaya. An fara ɗaukar fasinja a 1904 da tarago 26 masu amfani da lantarki, masu hawa biyu suka zo a 1912. Abin da ya fi burge ni, taragon na nan yana yawo, dokar ma tana aiki bayan gyare-gyare, ita ce Babi na 107 a kundin dokokinsu. Ka ga za ka iya bin sawun magana ɗaya fiye da shekara 100.

Littafin Legas kuwa, hotunan da kyau, iyakarsa ke nan. Na yi da-na-sanin kuɗina. Taragon Legas na gwamnati ne, hukumar jirgin ƙasa ke tafiyar da shi daga 1902, yana tsallaka gadar Carter tsakanin Iddo da tsibirin Legas, to wa za a ba lasisi? Fasinja ma ba a daɗe ana ɗauka ba, kwasar bahaya da dare ce ta rage har aka rufe a 1933. Sakin layi ɗaya ya ishe shi a gabatarwarka.

Sai ka yi hattara da masu tallan “takardun tarihi na asali” a WhatsApp da Facebook. Wani ya taɓa karɓar kuɗina ya turo mini hoton shafuka masu dishi-dishi, rabi babu, da na yi magana ya toshe ni. Dokar nan kyauta take a shafin dokokin gwamnatin Hong Kong. Kada ka biya kowa ko sisi, kuɗin bugawa kawai za ka kashe. Amma ka nemi tsohon rubutun 1902 ɗin ka ajiye kusa da na yanzu, don malaminka zai tambaye ka wane sashe aka canza.

Allah Ya ba da sa'a.